"Man jadda wajada" a bangon kwalejinmu: to, wa za mu yi wa godiya?

Shugaba (ajin 1981): Assalamu alaikum. 'Yan uwa, barkanmu da shigowa goman farko na Zulhajji. Jiya da la'asar zan je Zango duba rago, sai hanya ta bi da ni ta gaban kwalejinmu ta horon malamai, na ce wa yaron da ke tuƙa ni ya tsaya. Mai gadin bai san ni ba, sai da na yi ta rantse-rantse kafin ya buɗe mini. Ga hoton bangon ɗakin taro nan na turo. Rubutun da muke karantawa kowace safiyar Litinin yana nan, MAN JADDA WAJADA, wato "wanda ya dage ya samu", amma fenti ya koɗe, "wajada" ɗin ma ruwan sama ya cinye rabinta. Na daɗe a tsaye a wurin. Da akwatin ƙarfe ɗaya da silifas na shigo makarantar nan a 1976, yau ga ni na yi ritaya lafiya, na aurar da 'ya'ya huɗu. Shawarata ita ce kafin Sallah mu haɗa kuɗi a sake fentin bangon, mu kuma sayi rago mu kai wa tsohon firinsifal ɗinmu a matsayin godiya. Me kuka gani?

Tsohon Monita: Wa'alaikumus salam Yallaɓai. Ai da ka ɗaga riga ka nuna wa mai gadin tabon bulala, da tuni ya buɗe maka har da sarawa.

Ma'aji: Shawara ta yi kyau Shugaba. Amma bari in faɗi abin da ke ƙasa tun kafin a yi nisa. Naira dubu 184 ne a asusu. Mu 213 ne a zauren nan, mutum 61 ne suka biya kuɗin wata. Duk wanda ya leƙa Zango makon nan ya san inda kuɗin nan za su tsaya.

Sakatariya: Na goyi bayan fenti. Abin kunya ne ɗalibai su riƙa karanta rabin take.

Ɗan Kakuri (ajin 1983): Siniya, Allah ya ƙara girma. Fenti ban ƙi ba, rago ma ban ƙi ba. Kalmar "godiya" ce ta tsaya mini a wuya. Duk shekara in Sallah ta zo sai mu cika zauren nan da cewa gwamnati ta ciyar da mu kyauta, ta ba mu sabulu da kananzir da kuɗin mota kyauta. Kyautar wa? Ubana ya biya haraji tun kafin a haife ni, har zuwa lokacin da Balarabe Musa ya soke shi bayan ya hau mulki a 1979. Kakana gyaɗa da auduga ya noma, hukuma ta saye a farashin da ta ga dama, ribar ta gina makarantu. Gabzar da muka ci gumin iyayenmu ne ya dawo mana a cikin faranti. Mutum ba ya gode wa wanda ya mayar masa da abinsa. In za a yi godiya, a je maƙabarta a yi wa iyayenmu addu'a.

Tsohon Monita: To fa. Yau 'yan ƙwadago sun tashi da wuri.

Shugaba (ajin 1981): Ƙanena, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma ka tsallake wani abu. Haraji kowa ya biya. Yara nawa ne a ƙauyenku? Nawa aka ɗauka kwaleji? Mu goma sha ɗaya muka rubuta jarabawar shiga daga firamarenmu, ni kaɗai aka kira. Shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ce, 1976, ana neman malamai ido rufe, shi ya sa ƙofa ta buɗe. Da shekara uku kafin nan na gama, da wataƙila har yau garma nake riƙe. Ba wayona ba ne.

Ɗan Kakuri (ajin 1983): To ka gani, Siniya? Da bakinka ka rushe taken. In ba wayonka ba ne, ba ƙoƙarinka kaɗai ba ne, ina "wanda ya dage ya samu"? Sauran goman ba su dage ba ne?

Auta (ajin 2012): Iyayena, ku gafarce ni in sa baki, ni ne ƙarami a nan. Tunda aka taɓo wannan take, ni dai gaskiya ya daɗe da fita raina. A zamaninmu an riga an mayar da kwalejin sakandare, babu abinci, babu sabulu, kujera ma daga gida wasu suka riƙa kawowa. Amma rubutun yana nan a bango, kullum ana nuna mana shi. Na dage. Na fita da sakamako mai kyau, na yi digiri, na yi bautar ƙasa. Shekara shida ke nan ina zaune ƙarƙashin lema a Kawo ina sana'ar POS. Wanda muke ba satar amsa a aji yanzu yana ofis a Abuja, saboda kawunsa ya san wani. Ba ina raina sana'ata ba ne, da ita nake ci da mahaifiyata. Amma in an ce in kawo kuɗi a sake rubuta wa yara wannan magana da sabon fenti, sai in ji kamar ana so in taya a yaudare su.

Sakatariya: Subhanallah. Auta, a riƙa tauna magana. Yaudara kuma?

Dattijon Sabon Tasha (ajin 1981): Ku bar yaron ya faɗi abin da ke cinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malam Nahawu (ajin 1979): Salamu alaikum. Yanzu na fito daga makarantar dare na tarar da saƙo sama da talatin. Bari in ɗan gyara wasu abubuwa, don na ga ana neman ɗora wa jimla mai kalma uku kayan da ba nata ba.

Da farko, wannan magana ba aya ba ce, ba hadisi ba ce. Karin maganar Larabawa ce, kuma tana da abokiyar tafiya: "wa man zara'a hasada", wanda ya shuka zai girba. Saboda haka wanda ya yi jayayya da ita bai yi saɓo ba, Sakatariya ki kwantar da hankalinki.

Sannan ba tamu ba ce ta asali. Taken Kwalejin Barewa ne, malaminmu na Larabci ne ya aro ya sa aka rubuta mana a bango, ina aji biyu lokacin. Ita Barewa a Katsina aka kafa ta a 1921 don horon malamai, aka dawo da ita nan Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, sunan Barewa kuma sai 1971 ta same shi. Sardauna can ya yi, Tafawa Ɓalewa can ya yi, haka Gowon da Murtala da Shagari da Umaru 'Yar'aduwa. Malaminmu yana so ne mu ji cewa mu ma mutane ne.

Abin da na fi so ku lura da shi kuwa shi ne, "wajada" fi'ili ne mai neman abin da aikin ya faɗa wa, amma a jimlar ba a ambace shi ba. An ce "ya samu", ba a ce ya samu me ba. Ba a ce kujera a Abuja ba. Mu ne muka cike gurbin da abin da ranmu ke so.

Auta (ajin 2012): Allah gafarta Malam, na ji karatu. Amma yaro ɗan aji ɗaya da ke kallon bangon nan ba nahawu yake karantawa ba. Abin da yake ji shi ne, in ka yi karatu za ka fita daga talauci. Haka malamai suke fassara mana. In ma'anar ta fi haka faɗi, me ya sa ba a gaya mana tun muna yara ba, sai bayan mun sha rana?

Malam Nahawu (ajin 1979): Wannan kam ka kama ni. Ni ma shekara talatin da biyar haka na fassara wa yara.

Ɗan Kakuri (ajin 1983): Madalla da Malam da ya karɓi gyara. Kuma tunda an jero manyan Barewa, a ƙara da Malam Aminu Kano, shi ma can ya yi lokacin tana Kaduna. Da ya fito bai tsaya yi wa Turawa da En'e godiya ba, tsarin ya tunkara, ga NEPU nan tun 1950. Ni a wurina shi ne ya fi kowa biyan makarantar hakkinta.

Ku zo Kakuri ku ga masu dagewa. Tun 1957 da aka buɗe masaƙa ta farko, mutane suka riƙa shiga aikin dare suna fita da auduga a gashin ido. Ubana shekara ashirin da shida ya yi a ɗaya daga cikinsu, bai taɓa makara ba. Aka wayi gari an rufe ƙofa, har ya rasu yana jiran haƙƙinsa na sallama. Wa zai tsaya a gabana ya ce bai dage ba?

Shugaba (ajin 1981): Allah ya jiƙan Baba. Babu mai cewa haka.

Hajiya ta Unguwar Shanu (ajin 1985): Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina jiƙa gero, yanzu na samu zama. Yayyena maza, kun yi ta kai da kawowa tsakanin gwamnati da firinsifal da bango, har yanzu ban ji wanda ya ambaci mutanen da ni nake tunawa ba in an ce kwaleji.

Ina aji uku aka zo hutun ƙarshen shekara, na koma gida na tarar an karɓi kuɗin gaisuwata. Ba a yi shawara da ni ba, ba a kuma saba yi ba a lokacin. Aka koma makaranta ban koma ba. Ni ce ta biyu a ajinmu, kuna iya tambayar Sakatariya, tare muke. Dagewa dai na dage, har fitilar ƙwai nake ɓoyewa a ƙarƙashin gado in yi karatu bayan an kashe wuta. Ranar nan dagewata ba ta da abin da za ta yi mini.

Iya metiron ce ta lura gadona babu kowa. Ranar Asabar ta hau akori-kura da kuɗinta, ta sauka a bakin titi, ta taka sauran da ƙafa har garinmu. Ta durƙusa gaban mahaifina, mace da ta girme shi. Ya ce magana ta ƙare. Ba ta tafi ba, ta kwana a ɗakin kakata. Washegari ta bi ta wurin liman, liman ya bi ta wurin dagaci, aka daidaita a kan a ɗaga biki shekara biyu in gama. Ranar Litinin tare muka dawo, ƙullin kayana a kanta. Na koyar shekara talatin da biyu, 'yan matan da suka bi ta hannuna ban san adadinsu ba. Ɗan Kakuri, harajin Baba ne ya biya albashin Iya, na yarda. Amma babu harajin da ya biya kuɗin akori-kurar nan, babu kuma takardar aikin da ta ce ta durƙusa.

Sakatariya: Wallahi haka aka yi. Ni na riƙe mata makullin akwati har ta dawo. Hajiya kin sa ni hawaye.

Tsohon Monita: Ni ma bari in yi ta gaske sau ɗaya. Wa ya tuna Baba kuku, mai gajeren yatsa? Duk wanda aka tsare a leba ya rasa abincin dare ya san ƙofar baya ta kicin. Ƙanzo yake ajiye mana a cikin tsohuwar garwa, ya yayyafa ruwa da ɗan manja da gishiri. In sajan ɗin makaranta ya kama shi, aikinsa ne a bakin ƙofa, amma bai fasa ba. Da azumi kuwa tun ƙarfe biyu na dare yake hura wuta saboda sahur ɗin ɗalibai sama da ɗari biyar. Ni da na fi kowa shiga leba, rabin jikina ƙanzon Baba ne.

Dattijon Sabon Tasha (ajin 1981): Na tuna shi sarai. Mu da ba ma azumi, shi yake ware mana namu na rana ya rufe, bai taɓa haɗe mana rai ba.

Tunda Hajiya ta buɗe wannan ƙofa, bari in shiga. A wurinmu akwai labarin kutare goma da Yesu ya warkar, yana cikin Luka sura 17. Duka goman sun warke, amma ɗaya ne tak ya juyo ya yi godiya, sai aka tambaya ina sauran taran. Tun ina yaro nake jin wa'azi a kansa, kullum ana zagin taran. Da na tsufa sai na gane ba miyagu ba ne, sauri suke yi. Kowa na ɗokin ya je gida a ga ya warke. Mu ne taran nan. Mun karɓi takarda mun yi gaba, ba wanda ya waiga kicin.

Kuma ni abin da na samu a kwaleji wanda ya fi takarda, a watan Fabrairun 2000 na gan shi. Lokacin muna haya a Tudun Wada. Da gari ya rikice, wani ɗan ɗakinmu na makaranta, yana cikin zauren nan yana karantawa, ba zan kira sunansa ba don ya hana ni, shi ya zo da kansa ya kwashe ni da matata da yara uku ya kai ɗakin mahaifiyarsa. Kwana uku muna ciki, yana zaune a zaure da carbi, duk wanda ya tambaya ya ce baƙinsa ne daga ƙauye. Bayan nan muka ƙaura ƙetaren gada kamar yadda dubban mutane suka yi, garin ya rabu biyu. Amma har yau babu Babbar Sallar da cinyar rago ba ta ƙetaro kogi ta same ni ba, ni kuma duk Kirsimeti da rai nake aika masa kaji, ya yanka da hannunsa. Gado ɗaya muka raba sama da ƙasa shekara biyar. Ban dage don in sami wannan ba, ban ma san ina tara shi ba.

Shugaba (ajin 1981): Allahu akbar. Dattijo, ka bar maganar nan haka.

Tsohon Monita: Shugaba ya ce a bar maganar. To mun gane, ba mu ce komai ba.

Malam Nahawu (ajin 1979): Abin da Hajiya da Dattijo suka faɗa ya tuna mini wani abu da ke ba ni dariya. Sau da yawa za ku ga an rubuta taken nan da boko "man jada", da "d" ɗaya. To a Larabci "jadda" mai shadda ita ce dagewa. In ka sauke shaddar ka ja wasalin, "jaada", ma'ana ta koma yin kyauta. Kun ga kuskuren mai fenti ya haifi wata magana: wanda ya yi kyauta ya samu. Iya metiron da Baba kuku da wannan karatun suka yi aiki.

Ɗan Kakuri, game da cewa ba a gode wa wanda ya ba ka haƙƙinka, hadisi ya zo a Abu Dawuda da Tirmizi cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma ba a ware ma'aikacin da ake biya albashi ba. A Suratu Saba'i aya ta 13 kuma, da aka umarci iyalan Annabi Dawuda da godiya, cewa aka yi su aikata ta. Saboda haka kai da kake son a yi gyara da Shugaba da ke son a yi godiya ba ku yi nisa da juna ba kamar yadda kuke zato.

Ɗan Kakuri (ajin 1983): Malam, kar ka haɗa mu aure da wuri. Na yarda da Hajiya ɗari bisa ɗari, don abin da Iya ta yi ya wuce aikinta. Wannan kyauta ce, yaba kyauta kuwa tukwici. Abin da na ƙi shi ne godiyar da ake rufe wa mutane baki da ita. Kowa ya san yadda ake yi: ka ce aji yana yoyo, a ce ka gode wa Allah da ka samu aji. Ka ce fanshon malam bai fito ba, a ce ya gode yana da rai. Auta ya faɗi damuwarsa ɗazu, abin da ya fara samu shi ne a tauna magana. Irin wannan godiyar ce ta kai makarantar inda Shugaba ya same ta jiya.

Sakatariya: Na karɓi wannan. Auta, yi haƙuri ɗana, na yi saurin magana.

Auta (ajin 2012): Babu komai Mama.

Malamin Firamare (ajin 1990): Ni har yanzu ina cikin aji, bari in faɗi nawa. A 2017 da aka yi wa malaman firamare na jihar nan jarabawa, 21,780 aka ce sun faɗi. Kowa da ra'ayinsa a kan yadda aka yi, ba shi na zo tayarwa ba. Abin da na sani, mu 'yan Giredi Tu, wato takardar shaidar malanta ta da, shekara biyar aka yi ana koya mana yadda ake riƙe alli, yadda ake tsara darasi, har yadda ake tsayuwa kada ka tare allo. Yanzu da yawa sai sun rasa ko'ina suke shigowa koyarwa. Mu nawa ne a zauren nan muka yarda ɗanmu ya zama malamin firamare? Ni dai a nan nake auna godiyarmu ga kwalejin malamai, kuma ni ma ban ci wannan jarabawar godiyar ba, don babban ɗana lissafin kuɗi na tura shi.

Shugaba (ajin 1981): Don Allah kar a shiga siyasa, Sallah saura kwana biyar. Mu dawo kan abin da za mu iya. Wa ya san inda Iya metiron da Baba kuku suke?

Hajiya ta Unguwar Shanu (ajin 1985): Iya ta rasu, shekara tara ke nan. Ban ji ba sai bayan arba'in, wannan abu yana damuna har gobe. Kullum ina cewa sai Sallah in je, sai Sallah in je. 'Yarta tana nan, tana tuyar ƙosai, da marayu a hannunta. Ina zuwa wurinta.

Tsohon Monita: Allah ya jiƙan Iya. Baba kuku kuwa na yi waya biyu yanzu. Yana raye, yana Rigasa wurin jikansa, can bayan tashar jirgin ƙasa. An ce ƙafa da sauƙi, ido ne ya rufe, yanar ido ta hana shi gani. Jikan ya ce an taɓa cewa aiki za a yi, kuɗi ne babu.

Dattijon Sabon Tasha (ajin 1981): In yanar ido ce, ai ga asibitin ido na ƙasa nan a Mando. Aiki ne da ake yi a sallami mutum ba da daɗewa ba. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce, za ta iya raka su ranar da za a duba shi, likita ya faɗi abin da ake ciki kafin mu yanke kuɗi.

Ma'aji: To yanzu abu huɗu ke gabanmu, kuɗin kuma na abu ɗaya da rabi ne: fenti, ragon firinsifal, idon Baba, da 'yar Iya. Kowa ya faɗi nasa.

Shugaba (ajin 1981): Ni dai ina roƙo kar a yar da firinsifal. Mutumin nan ya haura tamanin. Shi ya tsaya aka gina ɓangaren mata lokacin da wasu ke cewa ɓarnar kuɗi ce.

Hajiya ta Unguwar Shanu (ajin 1985): Yaya, babu mai yar da shi. Amma 'ya'yansa manya ne, bara da muka je raguna uku muka tarar a ɗaure. Abin da ya rasa masu zama su yi hira da shi ne. Mu je masa yawon Sallah da goro da turare, mu daɗe. Ya fi masa rago na huɗu.

Malam Nahawu (ajin 1979): Ina bayan Hajiya. Kuma duk wanda zai yi layya a cikinmu, ya tuna gidan 'yar Iya a kason sadaka. Wannan ba ya buƙatar asusu.

Ɗan Kakuri (ajin 1983): Ma'aji duba wayarka, na tura dubu 20 na idon Baba. Amma a littafi kar ka rubuta "gudummawa". Rubuta "biyan bashin ƙanzo".

Ma'aji: Ya shigo. Yadda ka ce haka zan rubuta, in mai binciken kuɗi ya tambaya kai za ka yi bayani.

Shugaba (ajin 1981): Auta, turo mini takardunka ta gefe. Akwai wani ɗan ajinmu da ke da makaranta a Barnawa, na ji yana neman malamin lissafi. Ban yi maka alkawari ba, amma zan kira shi da kaina.

Auta (ajin 2012): Na gode ƙwarai Baba, Allah ya saka da alheri, zan turo yanzu. Amma ku yi mini afuwa in faɗi wani abu, kar a ce na yi butulci. Kun ga abin da nake faɗa ɗazu? Shekara shida takardun nan suna cikin leda. Yau da na yi magana a inda wani ya san wani, ga ƙofa tana motsi. Kawun abokina da nake zagi, ashe ni ma kawun nake nema.

Ɗan Kakuri (ajin 1983): Yaron nan a ba shi sakataren ƙungiya.

Malam Nahawu (ajin 1979): Da bambanci ɗana, ko da yake siriri ne. Shugaba zai kai ka bakin ƙofa, mai makaranta zai ba ka alli ya ce hau allo. In ba ka iya ba, mu da kanmu za mu ce a sallame ka. Amma ban musa maka cewa akwai dubunka da ba su da zaure irin wannan ba. Wannan tambayar ba ni da amsarta a daren nan.

Ma'aji: Ga inda aka tsaya. Mutum 38 suka yi magana, a fili da ta gefe. Idon Baba 29, fenti 6, rago 3. Kuɗin asusu za su tsaya sai likita ya gani. 'Yar Iya, nama da abin da kowa ya ga zai iya, a bi ta hannun Hajiya. Washegarin Sallah ƙarfe goma a haɗu a Unguwar Sarki gaban masallacin Sultan Bello, a fara da gidan firinsifal, daga nan Rigasa. Masu mota su faɗi kujera nawa suke da ita.

Dattijon Sabon Tasha (ajin 1981): Ina da kujera uku. Zan ɗauko 'yan Barnawa da Kakuri in ƙetaro da su.

Shugaba (ajin 1981): An kayar da ni a ƙuri'a, na karɓa. Amma bangon nan ba zan iya barinsa haka ba, da aljihuna zan yi bayan Sallah. Malam, rubuto mini yadda za a ba mai fenti.

Malam Nahawu (ajin 1979): Da "d" biyu, Yallaɓai. Kuma ka tsaya a kansa har ya gama.

Hajiya ta Unguwar Shanu (ajin 1985): Wanda zai je Rigasa ya tuna Baba ba shi da haƙoran soyayyen nama. Ni zan yi masa dambu da farfesu. Monita, kai ka san gidan, kar ka makara yadda ka saba.

Ma'aji: Wani ya turo dubu 3 yanzu daga na'urar POS, babu suna. Mai shi ya yi mini magana ta gefe in san abin da zan rubuta.